Yadda Ake Gano Cutar Akwatin Amsa-Kuwwa na Jita

Duk yaron da ya taɓa tsayawa a gindin dutse ya ƙwala kira ya san amsa-kuwwa. Muryar da ya saki takan tafi ta bugi dutsen ta komo masa, sai ya ji kamar wani ne can yake kwaikwayonsa. Masana kimiyya sun auna gudun sauti a cikin iska, suka same shi wajen mita 343 a sakan ɗaya idan zafin iskar yana kan digiri 20 na ma'aunin Salshiyas. Kunnen ɗan Adam kuwa ba ya raba sauti biyu sosai sai in akwai tazarar kimanin kashi ɗaya cikin goma na sakan a tsakaninsu. Shi ya sa ake koya wa ɗalibai cewa sai bango ya yi nisan wajen mita 17 kafin a ji amsa-kuwwa ta fito daban, domin zuwa da dawowa mita 34 ke nan.

Makaɗin jita ba ya iya ɗaukar dutse ya tafi da shi dandalin wasa. Abin da yake ɗauka shi ne wani ɗan akwatin ƙarfe wanda bai fi tafin hannu girma ba, yana ajiye shi a ƙasa tsakanin jitarsa da amfilifaya. Makaɗa suna kiran wannan akwati feda, domin taka shi ake yi da ƙafa kamar fedar keke. Aikin fedar amsa-kuwwa shi ne ta karɓi sautin jita, wanda ya riga ya zama motsin lantarki a cikin waya, ta riƙe shi na ɗan lokaci, sa'an nan ta sake shi ya biyo bayan na asali. Wanda bai taɓa ganin ta ba ma ya sha jin aikin 'yar'uwarta, domin maimaituwar nan da ake ji a muryar mai gabatarwa ta lasifika a wurin biki daga irin wannan dabara take fitowa.

To, a ce an ajiye wa mai gyara irin wannan feda a kan teburinsa, samfurin Boss DM-2, wadda kamfanin Roland na ƙasar Japan ya ƙera daga 1981 zuwa 1984. Ta haura shekara arba'in ke nan. Kukan mai ita gajere ne: in ya taka, 'yar fitilar tana kamawa, kiɗan jita yana fita tas, amma amsa-kuwwa babu ita. A cikin wannan feda akwai wani ai-si, watau ɗan baƙin dunƙulen nan mai ƙafafu da ake gani a fanel ɗin rediyo, wanda kamfanin da ya yi shi ya daina ƙera irinsa tun da daɗewa. Shi ne abu mafi tsada a ciki, shi ne kuma wanda zargi yake fara faɗawa a kansa. Mai gyaran da ya yi gaggawar ɓamɓare shi yana iya kashe lafiyayyen abu, ya bar ainihin cutar tana nan inda take.

Daga tef zuwa jerin bokitai

Ba a iya gyara abin da ba a san yadda yake aiki ba, saboda haka sai a fara da wannan. A shekarun 1950 da tef ake samar da amsa-kuwwa. Rakoda tana da kai mai ɗaukar sauti da kuma kai mai karanta shi, da ɗan rata a tsakaninsu. Alal misali, idan ratar inci 2 ce, tef ɗin kuma yana gudun inci 15 a sakan, to sautin zai makara da wajen kashi 13 cikin ɗari na sakan. Da rakoda biyu Sam Phillips ya riƙa yin haka a ɗakin ɗaukar waƙa na Sun da ke birnin Memfis a Amurka, inda Elvis Presley ya yi faya-fayansa na farko a 1954. Daga baya aka yi na'urori na musamman, irin su Space Echo RE-201 ta Roland a 1974. Amma tef yana cinyewa, injin yana da nauyi, kuma kullum cikin neman shara yake.

A 1969 wasu masana biyu na ɗakin binciken kamfanin Philips a ƙasar Holan, Sangster da Teer, suka fito da hanyar da ba ta bukatar komai mai juyawa. Sun ba ta suna ne daga tsohuwar dabarar kashe gobara. Kafin a sami motar kashe wuta, mutanen gari kan jeru daga bakin rijiya zuwa gidan da ke ci, kowa yana miƙa wa maƙwabcinsa bokitin ruwa, har ya isa ga wuta. A cikin ai-si ɗin, kowane bokiti wata 'yar mitsitsiyar kafasita ce mai riƙe cajin lantarki, ƙofar da ke tsakanin bokiti da bokiti kuma transista ce. Bokitin farko yakan ɗebi awon ƙarfin sautin a daidai wannan ƙiftawar, ya juye wa na biyu, ya sake ɗiba. Ai-si mai lamba MN3005 na kamfanin Panasonic, da ƙanensa MN3205, kowannensu yana da bokitai 4,096.

Mutum dubu huɗu ba su juye ruwa a tare sai da mai ba su lokaci, kamar yadda manoma a gayya suke bin ganga. Wannan makaɗin gayya wani ƙaramin ai-si ne dabam, MN3101 ko MN3102, wanda masu sana'ar ke kira agogo. Yana fitar da bugu biyu masu saɓa wa juna: in na farko ya tashi, na biyu ya faɗi. A bugu na farko bokitai masu lambar mara suke juyewa, a na biyu kuma masu lambar cika. Ke nan a kowane zagaye ɗaya na agogo, awon sauti yana tsallake bokiti biyu, kuma sai ya yi zagaye 2,048 kafin ya fita. Lissafin ɗan aji uku ne. Idan agogo yana bugawa sau 100,000 a sakan, jinkirin zai zama kusan kashi 2 cikin ɗari na sakan. Idan aka rage shi zuwa wajen sau 6,800 a sakan, jinkirin ya kai kashi 3 cikin goma na sakan, wanda shi ne iyakar DM-2, daidai da mutum ya tsaya mita 51 daga gindin dutse. Maɓallin da makaɗi ke murzawa don tsawaita amsa-kuwwa ba abin da yake yi illa rage saurin wannan agogo.

Akwai wata ƙa'ida da ake jingina wa Harry Nyquist da Claude Shannon, wadda ta ce na'urar da ke ɗibar awon sauti ba ta iya ɗaukar sautin da kaɗawarsa ta wuce rabin yawan ɗibarta. Rabin 6,800 shi ne 3,400, alhali kunnen matashi yana jin kaɗawa har zuwa wajen 20,000 a sakan. Don haka masu ƙira suka sa rariyar lantarki kafin bokitai da kuma bayansu, tana tare siraran sauti. Wannan ne dalilin da ya sa amsa-kuwwar irin wannan feda take fita da kauri, kowace maimaituwa ta fi ta gabanta dishewa. Sabon shiga yana iya ɗaukar haka a matsayin cuta ya shiga neman magani, alhali saboda wannan dishewar ce makaɗa suke neman tsohuwar feda ruwa a jallo. Har ila yau, tun da ruwa ba ya bin bokiti dubu huɗu ba tare da ya ɗebi datti ba, an ƙara wani ai-si, NE570, wanda ke matse sautin kafin ya shiga, ya buɗe shi bayan ya fito, don shuwar da ta biyo shi ta koma ƙasa.

Tambaya kafin sukudireba

Gwanin gyara yakan fara da baki. Yaushe ta daina? Ta faɗi ne, ko ruwa ya taɓa ta? Da batir ake amfani ko da adafta, kuma adaftar wace na'ura ce? Wani ya taɓa buɗe ta? Sa'an nan ya haɗa jita kai tsaye da amfilifaya da kowace waya ɗaya bayan ɗaya, domin wayar jita tana tsinkewa a cikin fulogi fiye da yadda feda take lalacewa, kuma abin kunya ne a kwance na'ura ƙaf a kan laifin waya.

Kukan mai feda shi kansa shaida ne, in an san hanyar da sauti ke bi. Da shigarsa ta soket, yakan ratsa transista guda, daga nan hanya ta rabu biyu. Ɗaya ta miƙe zuwa mahaɗar da ke bakin fita. Ɗayar ta bi ta wurin matsewa, da rariya ta farko, da bokitai, da rariya ta biyu, da wurin buɗewa, da wata transista mai aikin ƙofa wadda takawar ƙafa ke buɗewa da rufewa, da maɓallin ƙarfin amsa-kuwwa, kafin ta iske ta farko a mahaɗa. Wani kaso kuma yakan koma baya ya sake shiga bokitai, shi ne ke sa a ji maimaituwa sau da yawa. Tun da kiɗa yana fita tas, soket biyun nan da transistar farko da mahaɗa sun kuɓuta daga zargi. Ba a kwance ko kusa ɗaya ba, an riga an san cutar tana kan hanya ta biyu, ko kuwa a wutar da ke ciyar da ita.

Wutar ita ake fara aunawa, da ma'aunin lantarkin nan da masu gyaran rediyo ke kira mita. Batirin feda na bolt 9 ne, kuma ana auna shi ne yana cikin aiki, domin batirin da ya gaji yakan nuna lafiya in ba a ɗora masa kaya ba. Idan ya yi ƙasa sosai, amsa-kuwwa ce ke fara gurɓacewa ko ta ɓace, tun miƙaƙƙen sauti bai nuna komai ba. Batun adafta ya fi haka haɗari. A yawancin fedojin jita, tsinken da ke tsakiyar soket ɗin wuta shi ne mai alamar ɗebewa, saɓanin na'urorin gida da dama inda tsakiyar ke da alamar tarawa. Kan fulogin iri ɗaya ne, yana shiga daram. Wanda ya ari adaftar wata na'ura ya soka, ya aika wuta a juye. Fedoji da yawa suna da dayod mai gadi wadda ke karɓar wannan duka. Wani lokaci takan ƙone ta haɗe, feda ta mutu murus, amma ta ceci sauran kayan. Dayod ɗin nan ba ta kai kuɗin burodi ba.

Akwai kuma wani tarko da ya keɓanta da tsofaffin fedojin Boss, har da DM-2. An yi su ne don wata adafta mai suna ACA, wadda wutarta kan kai wajen bolt 12, saboda haka aka sa rizista da dayod a cikin fedar don su rage ta. In aka ba irin wannan feda adaftar zamani mai bolt 9 cif, su rizista ba su san an canza ba, sai su ci gaba da ragewa, fitila ta dushe, amsa-kuwwa ta shaƙe. Wutar batir ba ta bin wannan hanya. Sabon batir ɗaya ya isa ya raba gardama.

Bin sawun sauti

A ce wuta ta nuna daidai. Yanzu ne ake kwance kusoshi huɗun da ke ƙasa. Kafin a taɓa komai sai a ɗauki hoton ciki da wayar hannu, a duba da kyau, a kuma sansana. Ƙaurin ƙuna, farin gari ko tsatsa kore inda batir ya taɓa yoyo, kafasitar da ta kumbura, wayar da ta saki, duk ido da hanci suna kama su. In ba a ga komai ba, sai a ɗauko abin sauraro.

Wannan kayan aiki kowane ɗalibi yana iya haɗa shi a ɗakin gwaje-gwajen makaranta. Ana yanke kan tsohuwar wayar jita guda. Zaren tsakiya a liƙa masa kafasita mai ƙarfin maikirofarad 0.1, ƙafarta ɗaya ta zama tsinken taɓawa. Saƙaƙƙen zaren waje kuma a maƙala shi a jikin akwatin, wanda shi ne layin ƙasa na na'urar. Ɗaya kan wayar yana amfilifaya, an rage murya. Amfanin kafasitar shi ne tana tare tsayayyiyar wutar batir, tana barin motsin sauti ya wuce. Sai a saki waƙa a hankali daga wayar hannu zuwa cikin feda. Duk inda aka ɗora tsinken, abin da ke gudana a wurin shi za a ji, kamar yadda likita ke ɗora abin sauraro a ƙirjin majinyaci.

Ina za a fara ɗorawa? Mai bin hanya daga farko zuwa ƙarshe zai isa, amma akwai gajeriyar hanya. A ce tashoshi takwas ne a jere, ɗaya ta lalace. In aka taɓa tsakiya aka ji sauti, huɗun farko sun fita. In ba a ji ba, huɗun ƙarshe sun fita. A sake raba huɗu biyu, a sake raba biyu. Taɓawa uku ta isa. Da tashoshin dubu ne ma, taɓawa goma za ta wadatar, domin in aka ninka biyu sau goma ana samun 1,024. Malamin lissafi yana da misali mai kyau a nan.

Tsakiyar hanya ta biyu ita ce bokitai. Wannan feda ta ƙarshen zamanin ƙirar ce, mai MN3205 da MN3102. Ana ƙidaya ƙafafun ai-si daga gefen da ke da ɗan gurbi, a zagaya saɓanin tafiyar hannun agogon bango in ana kallonsa daga sama. Sauti yana shiga ta ƙafa ta 7, yana fita ta 3 da ta 4. Hannu ya natsu ƙwarai a nan, domin in tsinke ya zame ya haɗa ƙafa biyu, ana iya yin ɓarnar da ba a zo da ita ba. An taɓa ta 7, waƙa tana nan rangaɗau. An taɓa ta 3 da ta 4, tsit.

Makaɗin gayya ya yi shiru

A daidai wannan wuri ne fedoji da yawa suka rasa ransu. Sauti ya shiga ai-si bai fito ba, sai a yanke masa hukunci. Amma mutanen da suka jeru da bokitai suna iya tsayawa cik don dalilai uku da ba laifinsu ba ne: ba a ba su abinci ba, ba a tsai da su a inda ya kamata ba, ko kuwa mai ganga ya daina kiɗa. Kowanne daga ciki mita tana iya tantance shi. Ƙafa ta 5 ita ce ta wuta, sai a ga ko tana samu. Ta 8 ya kamata ta nuna ƙasa da ta 5 kaɗan, kashi 14 cikin 15 nata. Ƙafa ta 7 ya kamata ta zauna a wani matsakaicin ƙarfi, ba a sama ba, ba a ƙasa ba. Sai ta 2 da ta 6, inda bugun agogo biyun nan suke shiga.

Mita ba ta da saurin bin abin da ke tashi yana faɗuwa sau dubbai a sakan. Abin da take nunawa shi ne matsakaici, kamar yadda ido ke ganin fukafukan fanka mai gudu sun zama faifai guda. Saboda haka in agogo yana aiki, ƙafa ta 2 da ta 6 kowace za ta nuna kusan rabin abin da ke ƙafa ta 5. A wannan feda kuwa ɗaya ta nuna kusan cikakkiyar wuta, ɗayar ta nuna kusan sifiri, kuma ko an murza maɓallin tsawon jinkiri ba su motsa. Agogo ya tsaya ke nan, hannu ɗaya a sama, ɗaya a ƙasa. Bokitai suna nan lafiya lau, jira suke yi.

Shi ma MN3102 ba a yi masa gaggawa. Saurin bugunsa ya dogara ga 'yan kayan da ke kewaye da shi, da kuma maɓallin da ke saman akwati, wanda siraran wayoyi suka haɗa da fanel. Mai gyara yakan ɗauki tsinken katako ko bayan biro, abin da ba ya ɗaukar wuta, ya riƙa danna kaya ɗaya bayan ɗaya waƙa tana tafiya. Da ya taɓa ɗaya daga wayoyin maɓallin, sai amsa-kuwwa ta faɗo, ya ɗaga ta ɓace. Da gilashin ƙara girma ana ganin abin: wata tsaga kamar silin gashi ta zagaye ƙafar wayar a cikin dalmar da ta riƙe ta. Shekara arba'in na taku da girgizar mota, da ɗumi da sanyi masu sa ƙarfe ya buɗe ya tsuke, su suka yi wannan aiki.

Maganin bai fi sakan uku ba. A cire batir, a ɗora kan ƙarfen narka dalma ya taɓa ƙafar wayar da tagullar fanel a tare, a ƙara sabuwar dalma kaɗan, a ɗaga. Dalmar gyara da aka saba da ita gauraye ce, kashi 63 kuza da kashi 37 dalma, tana narkewa a digiri 183. In ƙarfe ya daɗe a wurin, siririyar tagullar tana ɗagowa daga fanel, tsohon fanel kuwa ba ya da haƙuri. Liƙi mai kyau yakan fito da sheƙi, ya hau ƙafar waya kamar ɗan tsauni. Wanda ya dunƙule kamar ƙwallo bai kama ba. Hayaƙin da ke tashi na ƙaron da ke cikin wayar dalmar ne, ba a shaƙarsa, a yi aiki kusa da taga. Dalma kuma guba ce, sai a wanke hannu da sabulu kafin a ci abinci.

Da a ce awo ya nuna wuta da agogo da komai daidai, sauti kuma bai fita ba, to a lokacin ne ai-si ɗin bokitai ya ci zargi. Ko a nan akwai sauran taka-tsantsan. Ana sayar da jabu a kasuwar intanet. An sha samun MN3008, mai bokitai 2,048, an goge lambarsa an buga MN3005, mai saye ya liƙa ya ga jinkirinsa ya ragu da rabi. Wasu kamfanoni sun sake ƙera makamantansu, irin su V3205 na Coolaudio da MN3005 na Xvive. MN3005 da MN3205 kuma ba sa maye gurbin juna kai tsaye, domin fuskar wutar da suke ci ta saɓa. Duk dangin nan suna tsoron tartsatsin da ke taruwa a jikin mutum, irin wanda ke sa riga ta yi ƙas-ƙas lokacin hunturu, don haka a taɓa ƙarfen da ke haɗe da ƙasa kafin a ɗauke su, kuma a dasa musu soket maimakon a liƙa su.

Sauran cututtuka

A kan fanel ɗin akwai wasu ƙananan maɓallai na saiti waɗanda ake murzawa da siririn sukudireba. Suna jan hankalin hannu ƙwarai. Ɗaya yana tsai da ƙafa ta 7 a matsakaicin da aka ambata; in ya kauce, amsa-kuwwa takan fito a yage, in ya kauce da yawa ta ɗauke gaba ɗaya. Wani yana daidaita ƙafa ta 3 da ta 4 don ƙarar agogon da ke cikinsu ta kashe juna. In ya goce, sai a ji wani siririn fito yana bin kiɗa, musamman a dogon jinkiri, domin bugu 6,800 a sakan yana cikin abin da kunne ke ji. Wani kuma yana ƙayyade iyakar saurin agogo. A masana'anta da osiloskof aka saita su, na'urar da ke zana siffar sauti a allo. Wanda ba shi da ita, kuma awo bai nuna masa saitin ya kauce ba, ya bar kaza cikin gashinta. In kuwa dole ne, ya ɗiga alama da alƙalami a inda ya same su, ya murza ɗaya kawai, kaɗan-kaɗan, yana saurare.

Kafasitoci masu siffar gwangwani suna da ruwa a ciki, yana bushewa da shekaru, zafi kuma yana gaggauta hakan. In sun gaji sukan kawo gurnani ko raunin sauti. Wasu masu gyara sukan canza su duka tun kafin su gano cuta. Wannan ba dabara ba ce mai kyau: liƙi ashirin sababbi ƙofa ashirin ce ta sabon kuskure, kuma in aka juya ƙafafun guda ɗaya, an ƙara cuta ta biyu a kan wadda ba a gano ba. A fara warkar da feda, sa'an nan a canza su ɗaya-ɗaya ana gwadawa. Ƙarar ƙasa-ƙasa in an murza maɓalli kuwa yawanci ƙura ce, wadda ƙasashen da ke shan hunturu suka fi kowa sani. Ana fesa masa maganin wanke maɓallan lantarki, ba man inji ba. In kuma an murza maɓallin maimaituwa har ƙarshe feda ta shiga kuka ita kaɗai tana ƙara ƙarfi, lafiyarta ƙalau, haka aka yi ta.

A 1983 Boss ta fito da DD-2, wadda ke mai da sauti lambobi ta adana a ƙwaƙwalwa irin ta kwamfuta, babu bokiti ko ɗaya. Fedoji masu araha da yawa, da amfilifayoyin makirufo na biki, suna amfani da ai-si mai lamba PT2399 na kamfanin Princeton Technology na Taiwan, wanda shi ma da lambobi yake aiki. Hanyar bincikensa ba ta canza ba. Bolt 5 yake ci a ƙafa ta 1, ta hannun wani ɗan mai daidaita wuta, kuma in cikakkiyar wutar batir ta isa gare shi ya tafi ke nan. Ƙafa ta 2 ya kamata ta nuna bolt 2.5. Rizistar da ke ƙafa ta 6 ita ke ƙayyade jinkiri, in ta yi ƙanƙanta ainun yakan ƙi tashi sa'ad da aka kunna. Manyan fedojin zamani kuwa, masu manhaja da kaya ƙanana kamar ƙwayar gero, abin da mai tebur da mita ke iya yi musu bai wuce soket da makunni da sashen wuta ba. Wani gargaɗi ga ɗalibai: bolt 9 na feda ba ya cutar da mutum, amma amfilifayar jita mai kwalaben wuta tana ɗauke da ɗaruruwan bolt, kuma kafasitocinta suna riƙe su ko bayan an zare ta daga bango. Wannan ba wurin koyo ba ne.

A teburin mai gyara, an mai da batir, an sake aunawa. Ƙafa ta 2 da ta 6 sun koma rabi-rabi. An sake bi da tsinken katako ko'ina, amsa-kuwwa ba ta ko girgiza ba. Saura rufewa, wadda ita ma tana da nata haɗari: akwai wata takardar roba da ke raba bayan fanel da murfin ƙarfe, in aka manta da ita feda takan yi aiki a buɗe ta mutu a rufe, haka nan wayar batir tana son shiga tsakanin murfi da akwati ta datse. Bayan an ɗaure kusoshi sai a haɗa jita, a kaɗa tsirkiya ɗaya a danne ta nan take, a saurari sautin yana dawowa sau uku, sau huɗu, kowanne ya fi na gabansa kauri, a murza maɓallin jinkiri daga wannan ƙarshe zuwa wancan, a taka makunni sau ashirin, a bar ta a kunne rabin sa'a. Kafin a miƙa wa mai ita, a zare wayar jita daga soket ɗin shiga, domin wannan soket shi ne makunnin batir, kuma muddin fulogi yana ciki batir yana ci ko da fitila a kashe take.